Wurin da Hannun Inna Ke Sauka

Tun da na dawo daga Masar, 'yan fadarmu ta bakin kasuwar Dungas sun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Kafin kofin farko ya zagayo wani zai jefo mini lakabin nan na Faransanci da muke yi wa ma'aikata, ya ce, "Mushe Hamisu, wai ka ga dalar Fir'auna?" In ce na gani. "Ka taɓa ta da hannunka?" In ce na taɓa. "To, yaya take?" In na ce dutse ne a kan dutse, sai su ce ina yi musu rowar labari. Alhali ni abin da ya zauna mini a rai daga ƙasar nan ba dutse ba ne, aski ne. Ku yi dariyarku, na yafe. Amma tunda kun matsa, sai ku yi haƙuri in fara cire muku hula, don wanda bai san abin da ke ƙarƙashinta ba, ba zai gane tafiyar ba.

'Ya'ya huɗu mahaifiyata ta binne kafin ni, ba wanda ya kai yaye. Sunana ma, Hamisu, na biyar ke nan, duk wanda ya kira shi ya ƙirga har da waɗanda suka tafi. Da aka haife ni a ƙauyenmu, can bayan Guci, tsofaffi suka ce wabi take yi, maganinsa kuwa kada ta nuna tana so na, ko mutuwa ta ɗauka ba ni da mai so ta wuce. Aka kai ni kan juji aka ajiye, wata gwaggona ta je ta yi kamar tsinto ni ta yi. Shi ya sa a gida har gobe Ajuji nake. Ranar suna, wanzamin gidanmu Baba Illa ya ɗora aska zai aske ni tas, sai Inna ta aiko daga ɗaki cewa a bar mata ɗan tukku a ƙeya, ta hagu, faɗin babban yatsa.

Yara da yawa ana bar musu tukku, amma da an yi kaciya ake sharewa. Nawa ya wuce kaciya, ya wuce lakwal, wato makarantar boko, ya bi ni har kujerar malamin gona. Malamai sun yi faɗa, abokai sun ja shi sun ruga, Inna ba ta ce uffan ba, ba ta kuma ce a aske ba. Ba na tuna ranar da ta rungume ni, ko ta yabe ni a gaban mutane. Sai dai duk sa'ad da na durƙusa gaishe ta na cire hula, hannunta na dama zai zo ya sauka a kan tukkun, taɓawa ɗaya, ta janye. Da idonta ya rufe, shekarun baya, sai ya zama da shi take gane ni. Na yi boko, na yi allo, na san Allah ke rayawa ba gashi ba. Duk da haka ban taɓa yarda wata aska ta kusanci wurin ba in ba ta Baba Illa ba.

Bayan girbi aka kira ni a sarwis, ofishinmu na aikin gona, aka ce an zaɓe ni in je Masar istaj, wato ƙarin koyon aiki, a kan ban-ruwan noman rani, sai gab da damina in dawo. Na tafi ƙauye sallama. Baba Illa ya zaunar da ni a gindin gawo, ya jiƙa mini kai, yana wasa askarsa a jikin fata yana magana da ita kamar yadda ya saba.

"Can gashinsu irin na gemun masara ne," in ji shi. "Askarsu ba ta san namu ba. Ka kula da ajiyar tsohuwa."

Da na shiga wurin Inna na durƙusa, ta taɓa ta janye, sannan ta juya wajen ƙanwata Mariyama ta ce, "Ki ce mishi, yadda aka tafi da shi a dawo da shi."

"Haba Inna, ga shi gabanki, ki faɗa mishi mana."

"Ya ji ai."

Har na hau kabu-kabu ban san ko ni take nufi ko tukkun ba.

Mutumin Dungas in zai hau jirgi, Kano ta fi masa Yamai sauƙi nesa ba kusa ba. Kabu-kabu ya fito da ni daga ƙauye muna iyo cikin rairayi, mu hau mu sauka mu tura. Daga Dungas mota zuwa Magarya, daga nan wata ƙarama da aka cusa mu ciki kamar buhunan gyaɗa sai iyaka. A Tinkim namu suka buga hatimi ba dogon zance. Da muka tsallaka, jami'in wancan ɓangaren ya duba fasfo, ya dube ni, ya ce in cire hula ya gwada da hoto. Na cire, na sunkuya ɗaukar jakata, sai ya hango ƙeyata. Nan take ya ƙwalla wa abokin aikinsa kira.

"Zo ka ga ikon Allah! Malam, wanzaminka wuta aka ɗauke masa kafin ya gama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na tsohuwa ne."

Sai ya daina dariya. Ya miƙo mini fasfon da hannu biyu ya ce, "Allah Ya ja kwananta. Wuce."

A Kano na sauka gidan kawuna, ƙanen Inna, wanda ya daɗe yana sayar da yadi a can. 'Ya'yansa suka wuni suna sa ni maimaita "lakwal" suna faɗuwa da dariya, matarsa kuma ta cusa mini ƙullin yaji da kuka da daddawa a jaka, wai a ƙasar da ba daddawa mutum ramewa yake. Jirgi kuwa ban ji tsoron da na zata ba. Da muka yi sama na leƙa taga, sai ga sahara shimfiɗe, ba hanya, ba rijiya, ba inuwa. Na tuna kakanninmu da suka yi gabas da ƙafa za su Makka, shekara da shekaru suna tafe, wasu ba su kai ba, wasu ba su dawo ba. Barci ya sace ni ina ganinsu can ƙasa a jere, 'yan mitsi-mitsi da sanduna da jakuna, suna ɗaga kai suna kallon wucewarmu.

Alƙahira gari ne da ba ya rufe baki. Odar motoci, kiran salla daga masallatai barkatai, masu talla, kowa na magana kamar faɗa alhali gaisuwa ce. Aka ba mu masauki a wani dogon bene kusa da kogin Nilu, ɗaki ɗaya ni da wani mutumin Gine, Jallo, dogo mai sanƙo, wanda da Faransanci muke fahimtar juna. Safiyar farko na leƙa na ga wata tsohuwa a benen da ke kallon namu tana zura kwando da igiya har ƙasa, mai burodi ya zuba mata, ta janye abinta sama. Mu guga muke zurawa mu jawo ruwa, su kwando suke zurawa su jawo karin kumallo. Kuma ba sa rowar sarauta: a wuni ɗaya mai shayi ya kira ni Basha, direba ya kira ni Dokta, mai gadi ya kira ni Alhaji, ni da ban taɓa wuce Damagaram ta arewa ba.

Abinci wake ne da safe, wake da rana in ka yi sake. Suna dafa shi har ya narke, su zuba mai, a dangwala da wani burodi mai faɗi mai aljihu. Na yi kewar fura har na fara jin ƙamshinta a inda babu ita. Wata rana aka kawo mana wata koriyar miya mai yauƙi, na ɗanɗana na ajiye cokali na tambayi sunanta. Mai dafa abincin ya ce, "Muluhiyya." Na ce, "Malohiya!" Ashe miyar da Inna ke yi da ganyen lalon bayan gida ta riga ni zuwa Masar, har da sunanta. Ranar na ci har Jallo ya ce in tuna akwai gobe.

Harshe ne ya ba ni wuya. Larabcin da na kwaso daga zauren malaminmu na littafi ne, in na yi shi a titi sai mutane su tsaya su saurara da murmushi. Na taɓa tambayar mai kanti ina zan sami sabulu, da na kai aya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sadaƙallahul azim," duk kantin aka sa dariya. Sai na koma tsintar kalmominsu na titi. Ta farkon da na tsinta ita ce "halas". In masu talla suka dame mu, Jallo ya ce musu "halas, halas", sai su ƙyale mu. In biyu na cacar baki, na uku ya shiga tsakani yana "halas". Na ce a raina, wannan ai ita ce "bari" tamu, ga ta kuma da daɗin faɗa, tunda mu ma a Hausa abin da yake halas ba a taɓa shi da sharri.

Kwanaki suka tura, gashi ya fara cika hula. Shagunan aski a can ba sa ƙirguwa, madubi bango guda, kujera mai juyawa, ƙamshin turare har titi. Na zaɓi na wani dattijo mai gemu da tabon salla a goshi, na ce wannan zai yi haƙurin saurare. Da shi kam Larabcina ya yi aiki, har ya wuce yadda nake so. Ya duba ƙeyata ya ce wannan shi ne ƙaza'u, a aske wani wuri a bar wani, kuma an hana. Na ce na sani, malaman garinmu sun sha faɗa mini. Ya ce to me ya hana? Na ce, "Uwata." Ya shafa gemu, sannan ya ce ko dai ya aske duka ko ya bar duka, in zaɓa. Bai yi fushi ba, ni ma ban yi ba. Ya sa aka kawo mini shayi, na sha, na mai da hulata na fito da gashina.

Daga nan na yanke shawarar neman yaron da bai yi nisa a fiƙihu ba. Na same shi kuwa, wani saurayi da gashi a tsaye yana ƙyalli, kiɗa na tashi a shagonsa. Ya taɓa kaina ya janye hannu, ya sake taɓawa, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya zo ya taɓa. Ya gwada mataji, mataji ya ƙi shiga, sai ya ɗauko injin aski. Ni kuwa na kama tukkuna da yatsu biyu, na dube shi ta madubi, na faɗa da ƙarfi yadda ba zai ce bai ji ba, nufina wannan a bar shi:

"Haza, halas."

Ya ce, "Halas?"

Na ce, "Halas!"

Ya nuna idanunsa da yatsa, wato zai yi mini da ransa. Injin ya yi ƙara sau ɗaya. Sai na ji iska ta taɓa wurin da iska ba ta taɓa taɓawa ba tun da aka haife ni.

Na kai hannu ƙeya, wayam. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa cikin nishaɗi, ya gama kai, ya ɗauko zare ya riƙe bakinsa ɗaya da haƙori yana murzawa a kumatuna, yana tsige ƙananan gashin fuska, wai haka suke gyaran fuska a can. Hawaye suka zubo mini. Ya ɗauka zafin zaren ne, yana ta ba ni haƙuri, ni ma na bar shi a haka. Da ya gama ya ɗan mari ƙeyata ya ce, "Na'iman!", barkarsu ta aski ke nan. Na sunkuya ina laluben gashin a ƙasa, amma ina zan gane shi cikin sauran? A gida wanzami rami yake tona wa gashin mutum ya rufe. A can tsintsiya ce ta zo ta haɗa nawa da na wani mai gemun masara ta yi waje da su.

Da na ba Jallo labari ya yi dariya har ya riƙe gado. Ya ce halas ai "gama da shi" ne, "ƙarasa shi", masu talla ma cewa ake musu magana ta ƙare. Sai ya ga fuskata, ya haɗiye sauran dariyar. Ya ce, "Ɗan'uwa, gashi ne, zai fito. Ni da nawa ya tafi ko sallama bai yi ba, ga ni nan ina cin wake."

Makonnin da suka biyo baya, ina tuna su kamar abin da mutum ya gani cikin zazzaɓi. Ana kai mu gonakin bakin kogi, kore shar iya ganinka, ruwa na bin 'yan hanyoyinsa shi kaɗai kamar ya san gida, ɓauna tana tafe a bayan mai ita ba faɗa. Abin da na zo koyo ke nan, kuma na koya, amma ina tsaka da auna ruwa sai in tsinci hannuna a ƙeya. Mura ta kama ni ta ƙi saki. In na kishingiɗa bayan azahar, mafarki ɗaya ne ke zuwa: hannun Inna ya miƙo tun daga Guci, ya ratso sahara, ya shigo jirgin ƙarƙashin ƙasa da muke hawa, yana bin kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya zo kan nawa, ya shafa, ya wuce na gaba. Ba mutuwa nake tsoro ba, wallahi. Tsorona in durƙusa a gabanta ta taɓa ta ce, "Wane ne?"

Ran Juma'a nakan kira Mariyama, ita ke hawa tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ta kai saƙo ta kawo. Wata Juma'a ta ce, "Yaya, Inna ta ce a tambaye ka, wai can akwai wanzamai?" Na ce akwai, da yawa ma. Juma'ar da ta zagayo na tambaye ta me Inna ta ce. Ta ce, "Cewa ta yi, to."

Na yi rantsuwa ba mai sake taɓa mini kai. Gashi ya fito, ya cika, ya tashi, har hula ta koma zama a samansa tana lilo, Jallo na cewa in yi hankali da tattabarun Masar kada su yi ƙwai a ciki. Aski ya zo gaban goshi, istaj ya kusa ƙarewa, sai na gane wata sabuwar matsala. Ko na sami mai saurare, ban san inda zan nuna masa ba. Ni ban taɓa ganin tukkun da idona ba, a bayana yake. In na lalubo da yatsa yau in ce nan ne, gobe sai in ji kamar can ne. Hannun Inna kuwa ba ya kuskure ko da faɗin ƙwayar gero.

Jallo ne ya jiyo labarin wata unguwa da mutanen Sudan suka yi yawa, ya ce ko banza sun san irin gashinmu. Na tafi ni kaɗai bayan sallar Juma'a. Lunguna ne ƙanana, ƙamshin turaren wuta na fitowa daga gidaje irin na matan Damagaram, har na rage sauri ina shaƙa. Ban ankara ba na yi tuntuɓe da wani dutse, na tafi kamar zan kifa, bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo Inna!"

Sai na ji an ce, "Sannu, yaro. Ƙafar ba ta ji ciwo ba?"

Na ɗauka mafarkin ne ya biyo ni titi. Na waiga, sai ga wani tsoho baƙi siriri cikin farar jallabiya da rawani, zaune a benci a ƙofar wani ɗan shago mai kujera ɗaya.

"Baba, Hausa ka yi?"

"Kai ka fara."

Sunansa Haruna. A Sudan aka haife shi, a wani gari na bakin kogi. Kakansa wanzami ne, ya bar ƙasar Damagaram da ƙafa za shi hajji, yana aski a hanya ana ba shi abinci. Ya kai Makka, a kan hanyar dawowa ya tsaya ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. "Daminar nan," in ji Baba Haruna, "ba ta ƙare ba har yau." Shi kuma da fitina ta tashi a can ya hauro Masar da iyalinsa. Hausarsa tsohuwa ce, mai nauyi, tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. Ya tambaye ni garinmu, na ce Dungas, kusa da Magarya.

"Washa fa?" ya ce. "Akwai ta da gaske?"

"Akwai ta mana, Baba. Na sha cin kasuwarta."

Ya dafe baki. "Kakana in zai sa mu barci, labarin Washa yake ba mu. Na ɗauka irin garuruwan tatsuniya ce."

Ya sa na zauna na ba shi ita tun daga bakin gari: goribar da ke hanya, rumfunan masu gishiri, inda ake ɗaure jakuna, yadda mata ke kiran mai sayen fura. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ni na zo ƙasar da nake ji a wa'azi, shi kuma garin da nake zuwa a kan babur ne mafarkinsa. Mun daɗe a haka kafin ya buɗe ido ya ce, "Cire hular nan, tun ɗazu take roƙona."

Na cire, na fara kame-kame. "Baba, akwai wani ɗan wuri a ƙeya da ake bar mini, ba a..."

"Tukku," ya ce. "Nawa suka riga ka?"

Ban taɓa jin wanda ya yi mini tambayar nan kai tsaye ba. Na ce, "Huɗu."

"Ni biyu." Ya warware rawaninsa ya juyo mini ƙeya, sumul, sai ɗan furfura. "Ranar da muka dawo daga rufe mahaifiyata na aske shi da hannuna. Taka tana nan?"

"Tana nan. Sai dai ba ta gani."

"To ai ba a wasa da wurin."

Na gaya masa abin da ya faru, har da halas. Bai yi dariya ba sai da na yi. Na ce masa ban san inda wurin yake ba. Sai ya ƙi ɗora ni a kujera, ya gyara zama a bencinsa ya ce, "Yaya kake gaishe ta? Yi mini in gani."

A bakin lungun nan, mutane na wucewa, na durƙusa a gabansa na sunkuyar da kai, na ce, "Inna, ina wuni." Ya rufe ido, ya miƙo hannun dama a hankali ya bar shi ya sauka inda ya ga dama. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"Nan ne?"

Na gyaɗa kai a ƙarƙashin hannunsa. Ya danne wurin da babban yatsa, bai ɗaga ba har ya gama. Ya rage gashin da inji, sannan ya jawo zabira, jakar fatar nan ta wanzamai, ta tsufa har ta yi baƙi, ya zaro aska. Ƙarar tafiyarta a kaina iri ɗaya ce da ta Baba Illa. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ji sakwara ba sakwara ba, lugude ne na matan ƙauyenmu, da kukan zabi, da inuwar gawo tana motsi a wuyana. Muryarsa ce ta dawo da ni.

"Na'iman. A'a, tsaya. A gida me ake cewa?"

"Ba a cewa komai, Baba. Sai dai yara su kai maka ranƙwashi su gudu."

Ya lanƙwasa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa mini tsakar kai, yana dariya ba haƙora. Kafin in bar Masar na koma na kai masa sauran daddawar matar kawu. Ya buɗe ƙullin ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce in na je Washa in ce jikan wanzami yana gaishe ta.

Hanyar dawowa ba ta da labari, don hankalina ya riga ni isa. Kano, iyaka, Magarya, Dungas, sai kabu-kabu. Hadarin farko na haɗuwa ta gabas lokacin da na shiga gida. Inna na zaune a tabarma a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri da lalube, Mariyama na gefe tana ta murna tana faɗa mata ga Yaya. Na ajiye jaka, na durƙusa, na cire hula.

"Inna, na same ku lafiya?"

Hannun ya taho, ya sauka daidai. Amma bai janye ba. Ta murza gashin tsakanin yatsunta, ta zagaye gefensa.

"Wannan ba aikin Illa ba ne."

"Ba nashi ba ne, Inna."

"Gashin ma sabo ne. Laushinshi irin na jinjiri."

Sai na kwashe duka na gaya mata, tun daga yaron mai kiɗa har tsohon da ya sa na gaishe shi a madadinta. Tana saurare, yatsanta na nan a wurin.

"Da aka aske shi, ka yi ciwo?"

"Mura kawai."

"Ka mutu?"

Mariyama ta tuntsire da dariya. Na ce, "A'a, Inna."

Iskar hadarin ta fara kaɗa bawon gyaɗa a tsakar gida. Sannan Inna ta ce, ba da Mariyama ba, da ni:

"Sun ce kada in riƙe ka, in na riƙe za a ƙwace. Sai na ce to, a bar mini nan kaɗai, wurin da ba mai ganin ƙyashinshi. Ashe ko an ɗauke shi kana nan."

Sai hannun ya tashi daga tukkun ya hau tsakar kai. Ɗaya hannun ya saki gyaɗa ya zo ya same shi. Ta shafa goshina, da kunnuwana, da girata, da kumatun da zaren Masar ya tsige, a hankali, kamar mai karɓar kaya tana dubawa ko sun cika. Ina da mata, ina da 'ya'ya, furfura ta fara leƙo mini, amma ranar na yi kuka a gaban ƙanwata ban ji kunya ba.

"Ashe haka kanka yake, Hamisu," ta ce. "Ƙato, irin na ubanka."

Na share hawaye na ce, "To in gaya wa Baba Illa gobe ya share shi ke nan?"

Hannun ya koma wurinsa da sauri, ya damƙe.

"Kul! Bar mini abina."